Ɗigo Huɗu

A Lodz, hawa na uku, tagarmu na kallon layin taragu.
Dusar ƙanƙara ta kwana kan rufin maƙwabta.
Na ɗora ruwa, na ɗauko tawul da tsohon buroshi,
na turo kujerar Baba inda haske ya fi yawa a ɗaki.

Tun da ɓarin damansa ya shanye cikin Nuwamba
ni ce wanzamar gidan nan, ni Danuta,
wadda ko fensir ba ta fiƙewa sai ta zub da jini.
Na warware takarda a hankali, kamar mai kwance rauni,
ga reza mai baki biyu, sirit, sanyi ƙalau,
a fuskarta ɗigo huɗu na kaki.

Ba na son su.
Na kankare da farce, suka zama jirwaye.
Na tsoma a ruwan zafi, suka narke, suka bazu, suka sake daskarewa.
Na goga da auduga, audugar ta bar gashinta ta tafi.
Abu kamar idon sauro,
ga taurin kai irin na mai bin bashi,
ya hana ni fara aiki.

Sai na ji ƙwanƙwasa.
Hannun hagun Baba ne kan tebur: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Shekara talatin da ɗaya Bogumil Wrona ya yi
gaban injin naɗe reza, yana gadin tukunyar kaki,
kar ta yi zafi ta tsiyaye, kar ta huce ta ƙi ɗiga.
Mama Wanda kan yi mita ranar wanki:
wai ta auri mutum, an kawo mata kyandir mai tafiya.
Ina ƴar shekara bakwai ya zaunar da ni kan cinya ya ce,
reza in ta yi yawo cikin rigarta, rigar za ta yaga,
ta dakushe tun ba ta ga gemu ba;
ɗigon nan ne ke riƙe ta tsakiya,
takarda ba ta taɓa mata baki.

Wannan ba ta masana'antarsu ba ce.
Rubutun kwalin ma ban san ko na wace ƙasa ba ne.
Na kai ta kusa da idon da ke gani sosai.
Ya duba, ya daɗe yana dubawa:
ɗigo ɗaya ya yi ƙiba, ɗaya ya kauce layi.
Leɓen da ya kasa kiran sunana mako tara
ya tattara ƙarfinsa duka ya ja tsaki.

Na yi dariya har buroshi ya faɗi.
Na sake kai farce, ya kama wuyan hannuna.
“Bari,” ya ce.
Kalma guda, ta fito a karkace, amma ta fito.
Na tsaya riƙe da reza, ruwa na hucewa,
ban san ko hawaye zan fara ba ko mamaki.

Na bar su. Na ɗaura ta a mariƙinta na tagulla,
na shafa kumfa, na bi saje zuwa haɓa,
gashi na faɗuwa fari fat kamar garin gishiri.
Ƙasan kunnen dama na ɗan yanke shi.
Bai motsa ba; can ba ya jin komai.
Ni na ji, a nawa jiki.

Da na kwance ta na ɗauraye,
ɗigon na nan, uku da rabi yanzu,
ƴan gashinsa sun manne a kai, sun ƙi bin ruwa.
Na jefa ta gwangwanin shayi inda ƴan uwanta suke.
A waje taragu ya wuce, kofuna suka yi rawa.
Baba ya shafa kumatun hagu da bayan hannu,
ya nuna kwalin da haɓa:
saura nawa a ciki?